Kayan gwajin da ya kamata a fara saya idan injin tsohuwar a-kori-kura ya soma ƙwanƙwasa

Duk mai tsohuwar a-kori-kura da ya ji ƙwanƙwasa daga cikin inji, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne injin ya kusa bugawa. Sai dai ƙarar da kanikawa ke kira nokin tana da tushe daban-daban, wani gyaransa na yini ɗaya ne, wani kuwa sai an sauke inji. Kayan gwaji huɗu aka fi nuna wa mai wannan matsala, kuma ba daidai suke da amfani ba.

Na'urar kwamfuta mai karanta lambobin matsala ita ta fi jan hankalin masu saye, amma a ganina ita ce ta ƙarshe a layi. Tsarin da ake jona ta da shi, wato OBD-II mai soket ɗin ƙafa 16, ya zama wajibi a Amurka ne daga motocin 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu amfani da fetur, saboda haka motar da ta girmi waɗannan shekaru, musamman mai kafireto, sau da yawa ba ta da inda za a jona ta. Ko an jona, abin da za ta nuna shi ne silinda tana fashin wuta ko wata sansa ta lalace. Ƙarfen da ya cinye a ƙasan inji ba ya aiko da lamba.

Abin sauraro na kanikawa, mai kama da na likita amma da dogon tsinken ƙarfe a bakinsa, shi ne mafi araha, kuma shi ya fi saurin rage zato. Ana ɗora tsinken a kan murfin bawul, sannan a gefen bulok, sannan a kaskon baƙin mai, a lura da inda ƙarar ta fi ƙarfi. Idan siririya ce mai "tik-tik" daga sama, kuma tana tafiya da rabin saurin inji, to daga ɓangaren bawul take, domin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, yana juyawa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na kiranshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa. Idan kuwa mai nauyi ce daga ƙasa, tana ƙaruwa da an taka totur, sannan ta lafa idan aka cire wayar fulogin wata silinda, zato ya koma kan boris ɗin sandar fistin na wannan silindar. Ƙarar da ake ji da sanyin safiya ta ɓace bayan inji ya yi zafi takan zama ta fistin da ya yi sako-sako, kuma mota na iya daɗewa tana aiki da ita. Doguwar sukudireba da aka manna wa kunne tana yin kusan wannan aikin, sai dai dole a yi kaffa-kaffa da fanka da fambel.

Gejin matsin baƙin mai shi ne abin da zan ce a haɗa da abin sauraro a saya tare. Fitilar mai da ke gaban direba ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa ƙwarai, alhali gejin da aka ɗaura a gurbin sansar mai yana nuna ainihin adadi. Ƙa'idar da kanikawa suka daɗe suna bi ita ce kimanin psi 10 (psi ma'aunin matsi ne) ga kowane juyin inji 1,000 a minti, kodayake littafin motar ne ke da maganar ƙarshe. A yi gwajin bayan inji ya yi zafi sosai, domin mai mai sanyi yana da kauri, yana kuma ɓoye lalacewar boris. Kafin a biya kuɗi a tabbata akwai mahaɗin da zarensa ya dace da na injin.

Gejin kwamfireshan, mai auna matsin cikin silinda, yana da amfani, amma tambayar da yake amsawa ta ringi da bawul da gasket ce, inda ake so bambancin silindoji kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. Mai injin dizal kada ya sayi na fetur, wanda yawanci ke tsayawa a psi 300, domin matsin dizal ya zarce haka.

Akwai kuma ƙarar da babu ɗaya daga cikin huɗun da zai kama ta idan mota na tsaye: wadda ake ji kamar tsakuwa a gwangwani idan an ɗauko kaya ana hawan tudu. Wannan fetur ne ke fashewa ba bisa tsari ba, sanadiyyar mai mai ƙarancin okten (ma'aunin juriyar fetur ga irin wannan fashewa), ko tayimin, wato lokacin ba da wutar fulogi, da ya yi gaba, ko inji mai zafi fiye da kima, kuma sai an tuƙa motar da kayanta sannan a ji ta. Idan kuwa ƙwanƙwasar mai nauyi ce daga ƙasan inji, a juye baƙin man a faranti mai tsabta a duba shi cikin rana. Ganin ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko mai launin tagulla yana nufin kada a sake tayar da injin sai an buɗe kaskonsa.