Asibitin tsofaffin sojoji a Amurka: tauraro 4 na ba sashen da ya kwantar da maigidana

Mutanenmu da suka yi aikin soja a nan Amurka suna yawan tambayata wai asibitin VA, wato na hukumar kula da tsofaffin sojoji, abin zuwa ne ko dai mutum ya riƙe inshorar wurin aikinsa kawai, to ni dai ganau ce ba jiyau ba, maigidana tsohon soja ne ya yi Iraki, kuma an kwantar da shi a asibitin tsofaffin sojoji da ke kusa da mu, a sashen marasa lafiyar da ba tiyata za a yi musu ba, inda aka haɗa masu ciwon zuciya da ƙoda da huhu da suga da hanta duk a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Tauraro 4 cikin 5 na ba su. Uku daga ciki saboda mutum ɗaya ne, shugabar sashen, ɗayan na nas-nas ne, wanda na cire kuma zan faɗi inda ya tafi.

Ku fara gane yadda gidan yake. Akwai daraktan asibiti, shi yawanci mutumin ofis ne, kuɗi da gine-gine da ɗaukar ma'aikata. Ƙarƙashinsa akwai babban likitan asibiti, sannan kowane sashe da nasa shugaban, kuma shugaban wannan sashe da nake magana likita ne, galibi ma yana koyarwa a jami'ar da ke kusa, don tun 1946 lokacin da Janar Omar Bradley ke riƙe da hukumar aka ɗaura asibitocinsu da makarantun koyon likitanci. Shi ya sa da safe za ka ga tawaga guda ta shigo maka ɗaki, ɗalibai da ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa, kowa da takarda a aljihu, hukumar da kanta tana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na likitocin ƙasar sun taɓa yin horo a wurinsu. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka gwaji ake yi da shi.

Abin da ya kai mu, ƙafafunsa ne suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya har ba ya iya kwanciya sai a zaune, dama ga suga ga hawan jini. A emajansi suka ce ruwa ne ya taru saboda zuciya ta yi rauni, aka sa masa Lasix ta jijiya, maganin nan mai sa fitsari. Nan rikicin ya fara. Likitan zuciya ya zo ya ce a ƙara maganin ruwan bai gama fita ba, likitan ƙoda ya zo bayan azahar ya duba gwajin jini ya ce a rage ƙodar na wahala, kowa ya rubuta nasa a kwamfuta ya tafi, kamar kishiyoyi biyu a kan tukunya ɗaya wannan ta ƙara gishiri waccan ta ƙara ruwa, shi kuma ƙaramin likitan da ke kula da mu, yaro ne mai kirki wallahi, ya rasa na wanda zai bi, duk tambayar da na yi masa sai ya ce zai tuntuɓi na sama da shi.

Sai muka ci sa'a lokacin ya zo daidai da makonnin da ita shugabar sashen take zagayen marasa lafiya da kanta. Ashe bata bar ganin marasa lafiya ba duk da kujerar, tana sa sunanta a jadawalin aiki kamar kowa. Dattijuwa ce, gajeriya, tabarau rataye a wuya, ni na ɗauka ma wata ce daga ofishin walwala sai da nas ta raɗa min a kunne. Bata tsaya a bakin ƙofa ba, kujera ta jawo ta zauna, ta yaye bargon ta danna ƙaurinsa da babban yatsa ta ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, ta ce min zo ki gani, wannan ramin shi ne ruwan da muke magana, a gida ke za ki riƙa duba mana shi. Ta sa aka ɗaga kan gadon ta juya fuskarsa gefe tana kallon jijiyar wuyansa, ta kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya kowa ya kalla. Sannan ta ce in zazzage mata duk abin da yake sha a gida har wanda ba likita ne ya rubuta ba, na juye jakar a kan gado, ta ɗauko wata babbar robar ibuprofen da yake saye a kanti saboda gwiwarsa ta riƙe ta a sama ta dubi yaran nata bata ce komai ba. Kowa ya sunkuyar da kai, babu wanda ya tambaye mu wannan tun shigowarmu. Ta ce irin wannan maganin yana riƙe ruwa a jiki kuma yana cutar ƙoda, musamman ga mai shan maganin hawan jini da na fitsari a lokaci ɗaya. Na ce Abban yara ka ji ko, ya ce ai gwiwar ce bata barinsa barci, ta ce za a nemo wa gwiwar wata hanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. A gabanmu ta ɗauki waya ta kira likitan zuciya da na ƙoda, ta ce su same ta a ɗakin nan, kuma suka zo fa, don duk su biyun a ƙarƙashinta suke. Suka yi 'yar muhawararsu a tsaye, ta saurari kowa, ta yanke cewa a ci gaba da cire ruwan, a daina ibuprofen, a riƙa gwada jini kullum da safe, in lambar ƙodar ta wuce inda suka amince sai a sake zama. Magana ɗaya aka rubuta a allon bango, kowa ya gani. Darakta komai iya aikinsa ba zai iya wannan ba, bai san wanda ya fi gaskiya tsakanin ƙwararru biyu ba, kuma ko ya sani ba za su ji maganarsa a kan Lasix ba. Ƙaramin likita kuma ya sani amma ba shi da bakin faɗa. Dole sai wanda ya haɗa ilimin da kujerar, kuma yana shiga ɗakin marasa lafiya har yanzu, ba wanda rabonsa da taɓa mara lafiya tun kafin a ba shi muƙami ba.

Maganar azumi ma ita ta fara ɗauko ta, ta ga sunanmu da hijabina ta ce Ramadan ya kusa ko, ta ce ita ba malama ba ce mu tambayi malaminmu, amma a matsayinta na likita bana dai ƙodarsa ba za ta ɗauki yini babu ruwa ba ga maganin fitsari ga na suga. Da wani ne ya faɗa da maigida ya yi gardama, ita kam shiru ya yi.

Nas-nas ɗinsu ba laifi. Kafin su ba ka ko ƙwaya ɗaya sai sun haska lambar shaidar da aka ɗaura maka a wuyan hannu da na'ura sun haska maganin, tsarin da asibitocin VA suka fara tun shekarun 1990, zamanin da wani likita Kenneth Kizer ke shugabancin ɓangaren lafiya na hukumar. Da asuba a auna nauyi, fitsari a cikin jug mai layi-layi a rubuta. Da aka sallame mu sun haɗa mu da sikeli da na'urar awon jini, aka ce in ya ƙara laba 3 a rana ɗaya ko 5 a mako mu kira. Magani ta gidan waya yake zuwa mana, mai biya dala 5 ko 8 ko 11 ne na wata ɗaya, wanda aka tantance nakasarsa ta aikin soja ta kai kashi 50 kuwa ba ya biya.

To ga inda tauraron ya tafi. Ikon baiwar Allahn nan a ƙofar sashenta ya tsaya. Ta rubuta a ga likitan ƙoda nan kusa bayan sallama, amma masu ba da rana wani ofis ne daban, ka kira waya a bar ka da kiɗa a kunne har ka gaji, a tura ka wani layi ya katse, wasiƙar da ke ɗauke da ranar ma sai da ranar ta wuce ta iso gidanmu, sannan aka rubuta wai ba mu zo ba. Haba. Sai da na je ofishin da ke karɓar koken marasa lafiya, kowane asibitinsu na da shi, kafin aka gyara. Matsalar jira tsohuwa ce a tsarin, a 2014 abin kunyar da aka bankaɗo a Finiks ta jihar Arizona na ɓoye jerin masu jira shi ya ci kujerar sakataren hukumar Eric Shinseki, kuma daga baya dokar 2018 ta ba tsohon soja damar ganin likitan waje a kuɗinsu in jiran ƙwararre ya wuce kwana 28 ko tafiyar mota ta wuce awa ɗaya, amma mu babu wanda ya gaya mana, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Biyetnam ne a ɗakin jira ya fahimtar da ni. Ga kuma ƙananan likitocin da ake canzawa, ka saba da wannan sai ka ga sabuwar fuska ka sake labari daga farko. Abinci kam kar ma a yi magana, dama an hana shi gishiri. Fakin kuma in ka wuce ƙarfe 9 na safe sai addu'a.

Duk da haka in an sake cewa a kwantar da shi can zan kai shi. Ku dai in kun je, ranar farko ku tambayi nas sunan babban likitan da ke kan tawagar da lokacin da yake zagaye, ku kasance a ɗakin a lokacin, ku tafi da duk robobin maganin gida a jaka har da jiƙon da aka aiko daga gida in akwai. Waɗanda suka yi Iraki ko Afganistan kuma ba su yi rajista ba, dokar PACT ta 2022 ta buɗe ƙofa sosai saboda hayaƙin ramukan ƙona shara da aka shaƙa a sansani, ku ɗauki takardar sallamarku daga soja, DD-214, ku je ofishin rajista.