Kwana uku a bakin Tafkin Itaska da motar haya mai ɗaki a ciki

Tun da Hajiya ta zo mana daga Kano ta sauka birnin Minniyapolis a Amurka, ba ta san ko'ina ba sai falonmu, masallacin Juma'a da shagon Somaliyawa inda muke sayen nama. Abin ya tsaya mini a rai, don jihar Minisota ƙasar tafkuna ce, kuma ina so ta ga ruwa da daji kafin ta koma. Kwanan tanti ba zai yiwu ba saboda ciwon gwiwarta. Shi ya sa muka yi hayar irin motar nan da Amurkawa ke kira RV, mai tsawon ƙafa 25, wadda ke da gadaje, murhun gas, firji da banɗaki, muka nufi gandun shaƙatawa na Itaska a ƙarshen watan Yuni.

Wanda duk ke da wannan niyya, ya kama wurin ajiye motar kafin ya biya kuɗin haya. Gandayen jihar Minisota suna buɗe rajista kwana 120 kafin ranar zuwa, kuma wuraren da ke da wutar lantarki su ake fara wawashewa. Ranar da aka buɗe na shiga intanet da sassafe, na samu gurbi a sansanin Bear Paw, wanda ke kusa da bakin ruwa. Ɗayan sansanin, Pine Ridge, ya ɗan shiga cikin daji. Ka san tsawon motarka kafin ka zaɓa, don kowane gurbi da iyakar tsawon da zai ɗauka.

Lasisin tuƙi na yau da kullum ya wadatar. Amma motar tana da faɗi da tsayi, iska na kaɗa ta idan babbar mota ta wuce, kuma galan ɗaya na fetur bai kai mu fiye da mil 10 ba. Tafiyar da ƙaramar mota ke yi a awa huɗu ta ci mana kusan biyar, ta garin Park Rapids.

Inda motar ta biya kuɗinta shi ne wurin Hajiya. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a arewacin Minisota sai bayan ƙarfe tara, isha'i ta kai wajen sha ɗaya, asuba kuma ta shigo tun kafin ƙarfe huɗu. Da a tanti muke, sai tsohuwa ta riƙa fita cikin duhu da sanyi da sauro tana neman banɗakin jama'a. A nan kuwa taku uku ne tsakanin gadonta da wurin alwala, butarta na ajiye. Uwargida ta yi miyar kuka da farfesu tun daga gida ta daskarar, muka zuba a firji, ba mu shiga wahalar neman naman halal a ƙauyukan hanya ba. Daren farko ta tuƙa tuwo a murhun motar, muka shimfiɗa tabarma a waje muka ci, ana jin kukan wani tsuntsun ruwa da suke kira lun yana tashi daga tsakiyar tafki. Hajiya ta dakata da cin abinci tana saurare, ta ce, "Ikon Allah, kamar mutum ke kira daga nesa."

Ƙorafina yana kan kamfanin hayar. Ma'aikacin da ya miƙa mana makulli ya zagaya da ni motar cikin gaggawa, bai yi mini bayanin tankuna ba. Uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Gurbinmu wuta kawai yake da ita, babu famfo, don haka abin da ka cika shi za ka yi ta amfani da shi. Mu shida ne, kowa na alwala sau biyar, ga wanka. Kafin la'asar ɗin rana ta biyu ruwa ya ƙare, tankin wanke-wanke ya cika har ya fara tasowa a wurin wanka. Sai da na naɗe komai, na cire waya, na tuƙa zuwa wurin zubar da ƙazanta. Wani dattijo da ke layi a bayana ne ya nuna mini tsarin: a sa safar hannu, a fara buɗe na bayan gida, sannan na wanke-wanke ya biyo ya ɗauraye tiyo. Shi ne kuma ya gaya mini firjin irin wannan mota ba ya sanyi sosai idan ta karkace, ya ara mini katakan da ake sa wa ƙarƙashin taya. Wannan duk aikin kamfani ne ya faɗa, tunda sun ga iyali ne da tsohuwa kuma na gaya musu karo na farko ke nan. Haka kuɗin mil da ya wuce ƙa'ida, a can ƙasan takarda yake da ƙananan haruffa.

Shi gandun kansa ban da abin faɗi sai alheri. An kafa shi a 1891, shi ne mafi daɗewa a jihar, kuma daga wannan tafkin kogin Misisifi ke farawa. A 1832 ne wani ɗan ƙabilar Ojibwe, mutanen asali na yankin, mai suna Ozawindib ya jagoranci Ba'amurke mai binciken ƙasa Henry Schoolcraft zuwa wurin. Akwai gungumen itace a bakin ruwan da aka rubuta cewa daga nan, ƙafa 1475 sama da teku, kogin zai yi tafiyar mil 2552 zuwa Tekun Meziko. A wurin bai fi rafi ba, an jera duwatsu ana tsallakawa. Yara sun haye ta kan duwatsun, ni kuma na riƙe hannun Hajiya muka shiga ta inda ruwan ke iya ƙauri, yashi a ƙasa, sanyi har cikin ƙashi. Ta taɓa ganin Kwara a Lakwaja, sai ta tambaye ni, "Ashe shi ma haka yake farawa?" Na ce mata, "Haka ne, Hajiya, daga tsaunukan Gini." Ta daɗe a tsaye ba ta ce a fita ba.

Daga can muka je Preacher's Grove, inda itatuwa masu jan ɓawo da suka haura shekara 300 suke tsaye a gefen tafki.

Sauro yana da yawa a wannan lokaci, haka ma kaska, wadda ke sa cutar Laim, don haka kowane dare sai mun duba jikin yara. Kada ka ɗauko itacen wuta daga gida, an hana saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi. A gandun ake sayar da wanda aka amince da shi. Daga ƙarfe goma na dare kuma ba a son hayaniya, ba a tayar da janareto.

Zan sake hayar irin wannan mota, amma daga wani kamfanin, kuma da jarkokin ruwa guda biyu na alwala daban. Hajiya za ta koma Kano a watan Oktoba, na riga na kama mana gurbi na tsakiyar Satumba, lokacin da sauro ya tafi kuma ganyaye suka fara yin ja.