Rigar Magic Johnson ko ta Stephen Curry: wadda ta dace da yaronka

Malam, ka tambaye ni rigar wa za ka saya wa yaronka mai wasan ƙwallon kwando, ta Magic Johnson ko ta Stephen Curry. Ka saya masa ta Magic Johnson, mai lamba 32. Tunda ka ce yaron ne ke riƙe ƙwallo yana tsara wa 'yan ƙungiyar makarantarsu wasa, to rigar da zai riƙa sawa ya kamata ta zama ta mutumin da ya fi kowa iya wannan aiki, kuma a ganina har yau NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba ta sake samun kamarsa ba.

Sunansa na yanka Earvin Johnson, an haife shi a garin Lansing na jihar Michigan a Amurka a 1959. A 1979 ya jagoranci jami'ar Michigan State ta ci kofin jami'o'i bayan ta doke Indiana State, inda Larry Bird yake wasa, kuma a shekarar ce ƙungiyar Los Angeles Lakers ta ɗauke shi a matsayin na farko cikin sababbin 'yan wasa. Tsawonsa mita 2.06 ne, irin tsawon da masu horarwa kan tura mai shi ƙarƙashin kwando, amma shi sai aka damƙa masa ragamar rarraba ƙwallo, yana hango filin gaba ɗaya ta saman kawunan masu tsaronsa. A kakarsa ta farko Lakers ta kai zagayen ƙarshe da Philadelphia a 1980, sai Kareem Abdul-Jabbar, babban ɗan wasan Lakers mai tsayawa ƙarƙashin kwando, ya ji rauni a idon sawu, bai buga wasa na shida ba. Wannan matashi ɗan shekara 20 ya tsaya a gurbin Kareem, ya ci maki 42, ya cafke ƙwallon da ya dawo daga kwando sau 15, ya ba abokansa sau 7 suka ci, aka ɗauki kofi a gidan Philadelphia, aka kuma ba shi kyautar gwarzon zagayen.

Kofi biyar ya ci wa Lakers, a 1980 da 1982 da 1985 da 1987 da 1988, ya kuma zama gwarzon ɗan wasan gasar har sau uku. Amma abin da nake so yaronka ya gani ya wuce kofuna. A tsawon rayuwarsa ta wasa, a kowane wasa yakan miƙa wa abokansa ƙwallon da suka ci kimanin sau 11.2, kuma yadda yake miƙawar ne abin kallo: zai taho a guje yana murmushi, idonsa na dama, masu tsaro duk su karkata can, sai kawai ƙwallo ya fita ta hagu ya faɗa hannun abokin wasansa James Worthy da ya riga ya nufi kwando. Mai yin haka ya san inda kowane abokinsa yake tun kafin ya tsallake tsakiyar fili. Ko bayan da ya sanar da duniya a Nuwambar 1991 cewa yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, ya dakatar da wasa, bai ɓuya ba; ya je Basalona a 1992 ya ci zinare a gasar Olamfik tare da Bird da Michael Jordan, ya kuma dawo wa Lakers na ɗan lokaci a 1996.

Tawa rigar, mai ruwan ɗorawa da lamba shunayya, a cikin dilar gwanjo na tsince ta a Kasuwar Katako, kuma duk yawan wankin da ta sha ɗinkin lambarta bai saki ba. Wata safiyar Asabar cikin sanyin hunturu na ɗora ta a kan suwaita na tafi filin unguwarmu, sai yara suka kewaye ni suna tambayar wane ne mai lamba 32. Na buɗe musu bidiyon wasanninsa a waya, suka cusa kawunansu wuri guda suna ihu duk lokacin da ya yaudari mai tsaro. Da aka koma wasa, wani ƙaramin cikinsu wanda kullum ake kuka da shi saboda rowar ƙwallo ya kalli gefe guda ya tura wa abokinsa ta ɗaya gefen, abokin ya ci, filin ya kaure da shewa. Tun ranar yaron nan yake neman abokansa da ido kafin ya nemi kwando.

Curry kuwa, ba mai musun bajintarsa: kofi huɗu ya ci wa Golden State, kuma a Disambar 2021 ya wuce Ray Allen, wanda ke kan gaba a lokacin, a yawan jefawa daga nesa mai maki uku. Na taɓa sayen rigarsa mai lamba 30, tana nan ninke a ƙasan akwati, domin duk yaron da na gani da ita a fili daga tsakiya yake wurga ƙwallo, abokansa huɗu na tsaye suna kallo.

Sai dai ka yi hattara da masu sayarwa, musamman masu talla a WhatsApp da Facebook. Da yawansu jabu suke kawowa, su rantse maka da Allah cewa daga Amurka aka yo odarta. Kamfanin da aka sani da sake fitar da rigunan tsofaffin 'yan wasan NBA bisa izini shi ne Mitchell & Ness, don haka ka duba tambarinsa a ƙasan rigar, sannan ka juya cikinta ka ga ko lambar da sunan JOHNSON sun zauna daram, domin na jabu a wanki na biyu suke fara ɓarewa. Wanda ya ce maka Magic ne ya sa hannu a kanta da kansa, ya ƙara kuɗi a kan haka, ka bar masa kayansa. Kada ka tura wa kowa kuɗi kafin ka riƙe rigar a hannunka, kuma ka ɗauki wadda ta ɗan fi yaron girma, saboda a sanyin Jos a kan wata rigar zai riƙa ɗora ta.