Hattara da masu tallan "shayin Afirka ta Kudu" a WhatsApp da TikTok

Salama alaikum jama'a. Akwai wani shayi da ake ta tallarsa a status da zaurukan mata, cikin 'yar jaka mai sheƙi, an rubuta rooibos da ɓawon lemu da ganyen zaiti. Masu tallar suna cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini, yana narkar da tumbi, yana wanke mahaifa. Don Allah kada kowa ya tura kuɗinsa kafin ya karanta wannan.

Shi rooibos ɗin gaskiya ne, akwai shi. Wani ɗan tsiro ne mai ganye siriri kamar allura da ake nomawa a yankin duwatsun Cederberg, kewayen garin Clanwilliam a yammacin Afirka ta Kudu. A shekarar 2021 Tarayyar Turai ta ba sunan kariya, ta yadda a kasuwanninta ba a kiran wani ganye rooibos sai wanda ya fito daga can. Ana yanka shi ƙanana, a jiƙa, a tara shi tsibi har ya rikiɗe daga kore zuwa ja, sannan a shanya a rana. Ba ya hana barci irin na kofi, ba shi da ɗaci sosai, mutanen can suna shan sa da madara ko zuma. Abin sha ne mai daɗi, iyakarsa ke nan. Babu likitan da zai ce ka ajiye maganin suga ka koma kansa.

To me ke cikin jakar? Wanda ya riga ya saya ya zazzage kaɗan a faranti ya duba. Rooibos na ainihi tsinke-tsinke ne masu launin jan ƙasa, in an dafa ruwansa ja ne mai ɗan ruwan zuma, kuma babu tsami. In ka ga ruwan ya yi jajir ya doshi shunayya, ka kurɓa ka ji tsami ya kama maka muƙamuƙi, zoɓorodo ne aka daka. Ba laifin zoɓo ba ne, amma ai ba sai an sayar mana da shi da tsadar kayan waje ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da suke yi wa wanda ya dawo da ƙorafin gudawa da murɗawar ciki: "Alhamdulillahi, ya fara aiki, dattin ne ke fita." Rooibos ba ya sa gudawa. Filasko ne ke yin wannan, kuma kowa ya san aikinsa. Nauyin da mutum zai ga ya ragu ruwan jikinsa ne ya tsiyaye, da ya sha ruwa ya ci abinci zai dawo. Ga mai ciki ko dattijo mai ciwon ƙoda, wannan ba wasa ba ne. An kuma sha kama shayin rage ƙiba a ƙasashe daban-daban da aka ɓoye wa sinadarin sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Jakar da ba ta da sunan kamfani balle adireshi, wa za ka riƙe in wani abu ya faru?

Wasu suna haɗawa da 'yar kwalbar man zaiti (na itacen eucalyptus, ba man zaitun ba), wai a ɗiga a cikin shayin yaro mai tari. Kul! Wannan man na shafawa ne da shaƙa ga manya. Kaɗan daga cikinsa in yaro ya haɗiya yana iya jawo suma da farfaɗiya.

Sai dabarar karɓar kuɗin. Ba su da shago. Za a ba ka lambar asusu da sunan da bai yi daidai da na mai tallar ba, a ce kayan sun kusa ƙarewa, ka yi sauri. Wasu a aiko musu da jakar ta tasha, wasu ko ƙyalle ba za su gani ba sai toshe lamba. In ka nuna sha'awa kuma, a yi maka tayin zama wakili: ka biya kuɗin rajista, ka kawo mutane su ma su biya, ka ci kaso. A nan shayin ya zama hujja kawai, kuɗin sababbin shiga ake rabawa, ranar da suka daina zuwa na ƙasa ne ke asara.

Kan lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da suke nunawa a bidiyo: a duba ta a manhajar Greenbook ta hukumar, a ga ko sunan da ya fito shi ne na jikin jakar, domin ana kwafo lambar wani kaya a manna. Ko da ta gaske ce, samun lamba bai nufin an tabbatar yana warkar da suga ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da hoton hirar, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi, ya kai jakar ofishin NAFDAC na jiharsa. Wanda kuma Hajiyarsa ko Babansa ya ajiye ƙwayoyin asibiti saboda shayin nan, ya kai shi a auna jini da suga yau, ya tafi da jakar likita ya gani.