Cire farin bayan hatimi a Excel: ya yi, amma da sharaɗi

Ga masu buga rasit da sakamakon ɗalibai a shagunan kwamfuta na Gusau, Set Transparent Color na Excel, wato umarnin da ke goge launi daga hoto har a ga abin da ke bayansa, abin so ne. Ka danna hoton hatimin da ka ɗora kan tebur, ka shiga Picture Format, sai Color, can ƙasa za ka gan shi. Ka taɓa farin da ke bayan hatimin, nan take layukan tebur su bayyana ta ƙarƙashinsa. Ko minti ɗaya ba a yi. Da farko na ce ai shi ke nan, an huta.

Ashe launi ɗaya tak yake ɗauka. Hatimin da aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp JPEG ne, wato nau'in hoto da ake matsewa, kuma farin da ido ke gani ba iri ɗaya ba ne. Akwai fari tas, akwai toka-toka, ga inuwar hannun mai ɗaukar. Ka taɓa wuri ɗaya ya goge, sauran ya tsaya ɗigo-ɗigo kewaye da rubutun kamar an watsa gero. Ka taɓa wani wurin, na farkon ya dawo. In akwatunan teburin masu launi ne, abin ya fi muni. Kuma duk inda launin yake a hoton sai ya tafi, har farin rubutun da ke tsakiyar tambari, ya bar rami.

Remove Background, wani umarnin cire bayan hoto wanda ya zo tun Office 2010, ya fi shi dabara. Yana shafa shunayya a kan abin da zai cire, kai kuma ka ja layi kan abin da kake son a bari. A kan tambari mai kauri ya burge ni. A kan sa hannu kuwa, wutsiyar harafi mai siriri yake cinyewa, ka yi ta gyara.

Maganin tun daga tushe ne: a buga hatimin a farar takarda mai tsabta da isasshiyar tawada, a yi sikanin a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), a adana shi PNG (nau'in hoton da ba ya rasa ingancinsa), a turo shi a matsayin fayil don kada WhatsApp ya matse shi. Da haka taɓawa ɗaya za ta fi yin aiki. Sai dai wa zai iya fahimtar da kwastoma wannan, alhali ya riga ya turo hoton da ya ɗauka da dare a hasken tocila?