Zaɓen Darasin Jitar Jaz a Intanet: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Biya Kuɗi

Wes Montgomery, wanda har yau ake sanya shi a sahun gaba na makaɗan jitar jaz, ya kama jita mai tsirkiya shida ne yana da kimanin shekara 20 a birnin Indianapolis na Amurka, kuma babban malaminsa shi ne faifan makaɗin jita Charlie Christian da yake ta sakawa yana maimaitawa har ya haddace abin da ke ciki sauti bayan sauti. Mai koyo a yau yana da abin da Montgomery bai samu ba, wato dubban darussan bidiyo da zai iya buɗewa a wayarsa, amma wannan yalwar ta zo da tata wahalar, domin mutum yana iya shafe shekara guda yana kallon darussa ba tare da ya iya kaɗa zagaye ɗaya na waƙa da kansa ba. A ganina, abin da ya kamata mai saye ya auna kafin ya fitar da kuɗinsa abu biyu ne: ko darasin yana da tsari da zai bi daga mataki zuwa mataki, da kuma ko akwai wanda zai saurari kiɗansa ya faɗa masa inda ya kauce. Yawan bidiyon da kamfani yake tallatawa shi ne abu na ƙarshe da ya dace a duba.

Kafin a kwatanta hanyoyin, yana da kyau a fayyace abin da ake son koyo. Ƙirƙirar kiɗa nan take a salon jaz tana nufin makaɗi ya riƙa fitar da sabon amo daga kansa alhali haɗin sautukan da ke ƙarƙashinsa, wanda makaɗa ke kira kod, yana sauyawa a kowane awo, wato ɗan yankin kiɗa mai ƙayyadadden adadin bugu, wani lokaci ma sau biyu a awo ɗaya. Wanda kunnensa ya saba da jitar Agadas irin ta Bombino ko Mdou Moctar ya riga ya san daɗin ƙirƙira a kan tsanin sautuka biyar, inda kiɗa yake daɗewa yana kewaya gida ɗaya, kuma wannan jari ne babba domin salon kiɗan bulus (blues) na Amurka ma yana jingina da irin wannan tsani. Inda aikin yake shi ne lokacin da gidan ya fara motsi. Jerin kod da ya fi yawa a jaz shi ne wanda ake rubutawa ii-V-I, wato kod na mataki na biyu da na biyar da na ɗaya na tsanin sautuka, misali kod mai suna Dm7 zuwa G7 zuwa Cmaj7, kuma sirrinsa yana cikin sautuka biyu na kowane kod, na uku da na bakwai: sautin C na Dm7 yana sauka gaɓa ɗaya kacal a wuyan jita ya zama B na G7, sannan F na G7 ya sauka gaɓa ɗaya ya zama E na Cmaj7. Na kawo wannan ne domin ya zama ma'auni. Malamin da ya nuna wannan motsi da wuri, ya kuma sa ɗalibi ya ji shi a cikin waƙa ta gaske, ya san inda ya dosa. Wanda kuwa ya fara da jibga wa ɗalibi tsanin sautuka bakwai a wurare biyar na wuyan jita kafin a taɓa ko waƙa ɗaya, zai iya cinye watanni ba tare da an ji wani abu mai kama da jaz ba.

Hanya ta farko ita ce YouTube, kuma bai kamata a raina ta don kyauta ce ba. Jens Larsen, makaɗi ɗan ƙasar Denmak da ke zaune a Holan, ya shafe shekaru yana sakin darussan jitar jaz a can, kuma bayaninsa a kan kod da yadda ake gina jimlar kiɗa ya fi na wasu darussan da ake sayarwa. YouTube yana kuma ba da damar rage gudun bidiyo zuwa kashi uku cikin huɗu ko rabi ba tare da sautin ya sauya ba, abin da ke da matuƙar amfani wajen kwaikwayon yatsun malami. Aibin wannan hanya shi ne kowane bidiyo an yi shi ne don ya tsaya da ƙafarsa ya kuma ja hankalin mai kallo, saboda haka babu wanda zai ce wa ɗalibi ya tsaya a kan darasin jiya har ya zauna a hannunsa, kuma da ya gama ɗaya sai wasu goma su bayyana a gefe, kowanne yana alkawarin buɗe masa asiri. Wanda yake da juriyar zaɓar malami ɗaya da waƙa ɗaya ya zauna a kansu wata guda zai ci moriya sosai. Irin wannan mutum ba shi da yawa.

Hanya ta biyu ita ce rumbun darussa da ake biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma TrueFire, kamfanin da ke jihar Florida tun 1991, shi ne sanannen misali. A can akwai darussan Larry Carlton da Robben Ford, waɗanda suka yi suna wajen haɗa bulus da jaz, akwai na Frank Vignola da Mimi Fox, har da na Pat Martino wanda ya rasu a 2021. Ana nuna hannun malami daga kusa, rubutun kiɗa yana tafiya tare da bidiyo, ana iya maimaita ɗan yanki sau nawa aka so, kuma akwai kiɗan rakiya da ɗalibi zai gwada abin da ya koya a kansa. Ga wanda ya riga ya iya bulus ko rok kuma yana son ya sa wa kiɗansa ɗanɗanon jaz ba tare da ya koma makaɗin jaz zalla ba, darussan Carlton da Ford su ne mashiga mafi sauƙi, domin suna farawa daga abin da yatsunsa suka sani su ƙara masa sauti ɗaya ko biyu a daidai inda kod ya sauya. Sai dai rumbu yana iya zama YouTube mai kuɗi, inda mutum zai riƙa leƙa wannan ya leƙa wancan. Shi ya sa nake ganin sayen kwas guda ɗaya kacal, wanda kamfanin yake yarda a saya a mallaka a kuma sauke shi, ya fi biyan kuɗin shiga rumbu duka ga mafi yawan masu farawa. Kuɗin da aka biya a kan abu ɗaya yana sa mutum ya zauna a kansa, kuma darasin da aka sauke ba ya sake cin data.

Hanya ta uku ce ta fi jan hankalina, domin ita ce take amsa tambaya ta biyu, ta wanda zai saurari ɗalibi. ArtistWorks, wanda aka kafa a Kalifoniya, yana da tsarin da ya kira Video Exchange: ɗalibi zai ɗauki bidiyon kansa yana kaɗa darasi ya aika, malami ya kalla ya mayar masa da amsa ta bidiyo, sannan a ajiye tambayar da amsar a inda sauran ɗaliban wannan malami za su gani. Daga cikin waɗanda suka koyar da jitar jaz a can akwai Dave Stryker, wanda ya yi aiki tare da Jack McDuff da Stanley Turrentine, da Martin Taylor na Birtaniya, gwanin kaɗa jita da yatsu wanda ya daɗe yana kiɗa tare da Stéphane Grappelli. Amfanin wannan tsari ya wuce amsar da mutum zai samu a kan nasa bidiyon, domin kurakuran masu koyo kusan iri ɗaya ne: gaggawa a gaban bugun kiɗa, cika kowane gurbi da sauti ba tare da barin numfashi ba, da fara kowace jimla daga tushen kod. Ganin malami yana gyara wa wani irin kuskurenka yana da nasa tasiri. Abin da za a duba kafin a biya shi ne adadin bidiyon da tsarin da aka zaɓa ya yarda a aika, da kuma ko malamin yana amsawa a halin yanzu. Chuck Loeb, alal misali, ya koyar a can kafin rasuwarsa a 2017, kuma darussan malamin da ba ya amsawa, komai kyansu, sun koma rumbu irin na hanya ta biyu. Haka nan wanda ya san kunya ba za ta bar shi ya ɗauki kansa ya aika ba, to zai biya kuɗin abin da ba zai taɓa ba.

Darasin kai tsaye da malami ta Zoom ko makamancinsa ya fi kowanne saurin gyara kuskure, kuma ya fi tsada idan aka lissafa a sa'a. Yana da iyaka guda da masu talla ba su cika faɗa ba: jinkirin da sauti ke yi a intanet ba ya barin mutum biyu su kaɗa tare a lokaci ɗaya, don haka malami ba zai iya raka ɗalibi da kod yana ƙirƙira a kai ba, sai dai su riƙa karɓa-karɓa. Dole kuma a kunna saitin da Zoom ya tanada don makaɗa, in ba haka ba manhajar za ta ɗauki amon jita a matsayin hayaniya ta riƙa datse shi. Ga mai zaune a Kano ko Damagaram akwai batun lokaci, domin New York tana bayanmu da sa'a biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, yayin da malamin da ke Turai bambancinsa da mu bai wuce sa'a guda ba a yawancin ƙasashen yammacinta. Darasi ɗaya a wata, haɗe da kwas da aka saya, ya fi darasi kowane mako da ba a samu lokacin yin atisayensa ba.

Berklee Online, reshen intanet na kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston, yana ba da kwasa-kwasan mako 12 masu aikin gida da maki da malami mai dubawa, kuma kuɗin kwas ɗaya ya haura dala 1,000. Wannan na wanda yake neman shaidar karatu ne ko yake shirin koyarwa. Wanda kawai yake son ɗanɗana salon koyarwar makarantar zai iya duba gajeren kwas ɗin ƙirƙirar jaz da Gary Burton ya shirya a shafin karatu na Coursera, ko da yake Burton ba makaɗin jita ba ne kuma ba zai nuna inda za a ɗora yatsa ba.

Duk hanyar da aka zaɓa, akwai ƙaramin kashe kuɗi da nake ganin ya fi wasu manyan amfani, wato manhajar iReal Pro, wadda take nuna jerin kod na waƙa ta kuma kaɗa rakiyar ganga da bas da fiyano a gudun da aka so da kuma muryar da aka so. Tunanin ba sabo ba ne, domin Jamey Aebersold ya fara fitar da faya-fayan rakiya don masu koyon jaz tun 1967, amma manhajar tana aiki ba tare da intanet ba bayan an sauke waƙoƙin. Rakiyarta ta na'ura ce, ba ta da rai irin na mutane, saboda haka ba za ta maye gurbin sauraron faifan makaɗan jita irin su Grant Green ko Kenny Burrell ba, waɗanda jimlolinsu suke da sauƙin kamawa da kunne fiye da na yawancin takwarorinsu.

Sauran abubuwan dubawa na aljihu ne da na harshe. Ana biyan waɗannan kamfanoni da dala, kuma katunan naira sun sha fuskantar iyaka ko dakatarwa wajen biyan kuɗi a ƙasashen waje, don haka a tabbatar katin zai yi aiki kafin a sa rai. Yawancin rajistar wata-wata tana sabunta kanta ta cire kuɗi ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba, har da wadda ta fara da gwajin kyauta, kuma ranar da za a soke ta abu ne da ya kamata a rubuta a ajiye tun ranar farko. Kamfanonin Amurka sukan yi babban rangwame a ƙarshen watan Nuwamba, wanda ya cancanci jira idan rajistar shekara ake so. Darasin jita yana buƙatar hoto mai kyau don a ga yatsu, kuma irin wannan bidiyo yana iya cin kusan gigabayit ɗaya a sa'a, abin da ke ƙara wa darasin da ake saukewa daraja a inda data ke da tsada ko wuta ba ta tsayawa. Kusan duk waɗannan darussa da Turanci ake yin su, kuma suna kiran sautuka da haruffa C, D, E, alhali wanda ya fara koyon kiɗa da Faransanci a Nijar ko Kamaru ya san su da do, re, mi. Daidaita biyun aikin 'yan kwanaki ne, amma gara a yi shi kafin kuɗin rajista ya fara tafiya.

Da za a tambaye ni yadda mai ƙaramin ƙarfi zai tsara abin, zan ce ya fara da wata biyu a kan darussan kyauta na malami ɗaya, yana aiki a kan bulus mai awo 12 a muryar F ko B-flat, waɗanda makaɗan jaz suka fi kaɗa bulus a cikinsu, yana kuma ɗaukar kansa da waya kowane mako. Idan a ƙarshen wannan lokaci ya saurari abin da ya ɗauka ba tare da rakiya ba kuma ya iya jin inda kod ya sauya a awo na biyar, to ya kai matsayin da kwas na kuɗi zai amfane shi, kuma zai san tambayar da zai aika wa malami. Idan bai ji ba, sai ya koma kan sautuka na uku da na bakwai, ya rage gudun rakiyar, ya ƙara wata guda kafin ya taɓa katinsa.