PlayStation 5, Xbox ko Switch: wacce ta dace da mai son wasannin tatsuniya?

Kafin ka tambayi wacce na'ura ce ta fi ƙarfi, fara sanin wasan da ke hana ka barci. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urorin wasa suna ɗaure wasu wasanni ga na'urarsu kaɗai, kuma ƙarfin inji ba ya buɗe ƙofar da mai ita ya kulle.

In Zelda ne ya shiga ranka, magana ta ƙare, sai Nintendo, mai ƙera Switch. Wasan Zelda mai suna Breath of the Wild ya fito tare da Switch a watan Maris na 2017, Tears of the Kingdom ya biyo baya a 2023, kuma babu ɗayansu a PlayStation ko Xbox. Switch ce mafi rauni a cikinsu, amma ita ake zarewa daga jikin talabijin a ci gaba da wasa a hannu. Inda take ciwo shi ne wajen hoto. Dubi The Witcher 3 da aka kawo mata a 2019: a ƙaramin allo ba laifi, amma da ka jona ta da babban talabijin sai ciyayi da fuskokin mutane su dusashe, kamar an shafa wa gilashin mai. Ma'ajiyarta ta asali gigabayit 32 ce kacal, don haka katin ƙarin ma'ajiya na microSD dole ne. Ga kuma tsohuwar matsalar sandar Joy-Con, wato abin sarrafa wasa na Switch, wadda kan sa jarumi ya riƙa tafiya ba ka taɓa komai ba. Mai saye yanzu ya duba Switch 2 ta watan Yunin 2025: gigabayit 256, kuma yawancin wasannin yayarta suna aiki a kanta.

PlayStation 5 da Xbox Series X duk a Nuwamba 2020 suka fito, kuma ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Gardamar da magoya baya ke yi a kan wannan, a ganina, ɓata yawu ne. Elden Ring da Baldur's Gate 3 suna nan a duka biyun. Bambancin yana wajen yadda kake wasa. Mai son labari guda mai nauyi, irin God of War Ragnarök na 2022, ya zauna da shi har ƙarshe, PlayStation ce tasa. Mai ɗanɗana wannan ya ajiye ya ɗauki wancan, Game Pass na Xbox zai fi yi masa, domin kuɗin wata yake biya ya shiga rumbun wasanni. Sai dai aro ne: wasa kan fita daga jerin, kuma ranar da ka daina biya an rufe rumbun.

Xbox Series S kuwa, a yi hattara. Ita ce mai sauƙin kuɗi a gidan, amma ba ta da wurin saka faifai, kuma ta farko gigabayit 512 ce, wani ɓangaren ma manhajar na'urar ta riga ta cinye. Wasannin tatsuniya manya ne, wasu sun haura gigabayit 100. Uku ko huɗu sun isa su sa ka fara goge wani don saukar da wani.

Akwai PlayStation 5 marar faifai ita ma. In intanet ɗinka ba mai ƙarfi ba ce, ko kana son sayen wasa na hannu, ka ara, ka sayar bayan ka gama, ɗauki mai faifai ko da ta fi tsada.